Daga Matarka da Ka Binne a Faifai

Kwarin Laurel, Kentucky
Litinin, 3 ga Yuni, 1974

Zuwa ga Hollis, mijina, sanyin idona, zumar bakina, inuwata a tsakar rana, mai muryar da ta raba ni da gidan ubana ina da shekara goma sha tara. Zuwa ga gwauron da ƙasar nan gaba ɗaya take tausaya wa, wanda matan aure suke kuka dominsa hannunsu cikin ruwan wanke-wanke. Gaisuwa mai tarin yawa daga matarka Nadine, wadda ka binne bara.

Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, maƙogwaro garau, takalma sun sha mai. Ni dai lafiyata ƙalau, har ina mamakin kaina, ganin yau wata goma sha ɗaya ke nan ina ƙarƙashin ƙasa. Ina cin wakena da burodin masara, tumatirina ya fara huda, kullum da safe kuma ina yi wa mahaifiyarka Mama Opal wanka in taje mata kai, kamar yadda nake yi tun ranar da ka ɗauki jitarka ka tafi Nashville neman suna.

Wasiƙarka ta iso ranar Alhamis. Wayyo masoyina! Shekara biyu da wata uku rabona da ganin rubutunka. Sai da na wanke hannu, na zauna a baranda, na sa ta a ƙirji na ɗan lokaci kafin in buɗe. Layi tara na samu, da takardar lauya a naɗe a ciki. Ka ce in sa hannu a raba aurenmu cikin rufin asiri, kada in je gari, kada in yi magana da ɗan jarida, domin kana so ka auri Lorna Fay mai yi maka amshi, kuma idan duniya ta ji ina raye, to kai ka mutu. Ka rufe da cewa ka san ni mai hankali ce. Na gode da yabo, rabin raina, wannan ne na farko da ka yi mini ina numfashi.

Ka tuna ranar dafa maɗin takanɗa a gonar kawuna? Ni ban manta ko ƙwayar abu ɗaya ba. Alfadari yana zagaya injin matsa, hayaƙi ya cika fili, tsofaffi suna kwashe kumfa da ludayi suna gulma. Ka zo da wata riga mai gajeren hannu wadda ba taka ba ce, ka tsoma guntun kara cikin kumfar mai zafi, ka hura, ka miƙo mini ba tare da ka kalli idona ba. Na lasa, ta ƙona mini harshe, na ce maka ba ta da zafi. Daga nan ka zauna a kan kututture ka rera waƙa, har alfadarin nan ya tsaya cak, kawuna ya yi ta zaginsa bai motsa ba. Ya Hollis! Wace mace ce za ta ji wannan muryar ta koma gida da zuciyarta? Murya ce irin ruwan saman farko a kan rufin kwano, wanda ke sa mutum ya ajiye abin da yake yi. A ranar na san in ka ce in bi ka cikin ramin kwal ba fitila, zan bi ka. Abin takaicin shi ne har yau haka nake ji, kuma ina jin haushin kaina a kan hakan kullum.

Murya Allah ya ba ka, amma bai ba ka abin faɗa ba. Kada ka sha kunu, ƙaunatacce, ai kai ma ka sani. Faifanka na farko duk dawaki ne, kai da ko alfadarin kawuna tsoronsa kake ji. Na biyu jiragen ƙasa da kurkuku, kai da ba a taɓa rufe ka ko na yini guda ba. Jaridar Nashville ta ce kana waƙa kamar mai karanta wasiƙar wani. Na yanke wurin na jefa a murhu don kada Mama ta gani, na yi maka kuka har da majina.

Sai ga ’yarmu ta zo a watan Fabrairu na shekarar da ta gabaci bara, kana can Texas kuna yawon wasa gari-gari. Kwana goma sha ɗaya ta yi. Na taka cikin ƙanƙara zuwa kantin tsoho Virgil sau biyu don in kira ka a waya, sau ɗaya in ce ta zo, sau ɗaya in ce ta koma. Ka ce hanya ta toshe, ka ce an riga an sayar da kujerun wasan Asabar, ka ce za ka zo da zarar sarari ya samu. Virgil da fasto suka haƙa mata wuri a tudun bayan coci, ƙasa ta daskare har sai da suka hura wuta a kanta kafin shebur ya shiga. Ni kuwa da ba ni da wanda zan gaya wa, sai na zauna na rubuta maka wasiƙu bakwai cikin wata uku. Ba ka amsa ko ɗaya ba, na ɗauka ba su isa ba ne.

Ashe sun isa, hasken raina. Sun isa lafiya lau!

Coy, ɗan gidan Bentley, wanda ya ja maka goge a ɗakin ɗaukar waƙa, shi ya ba ni labarin yadda aka yi, ranar da ya zo duba mahaifinsa. Bai so faɗa ba, ni na tsare shi da ido har ya gaji. Ya ce ka shigo da wasiƙuna a cikin akwatin jita, ka rera waƙar farko yadda take, ta uba da ’yarsa, har wani cikin makaɗa ya fita waje. Sai mutumin kamfani ya danna abin magana daga bayan gilashi ya ce, “Hollis, waƙa ta yi, amma jinjiri ba ya shiga mashaya. Wa zai ajiye kwalbarsa ya tashi ya zaɓi waƙar gawar jariri a akwatin kiɗa? Ka kashe uwar kawai. Gwauro mai kyan fuska irinka, ai mata layi za su yi.” Na tambayi Coy ko ka yi faɗa, ko ka jefar da kujera, ko ka ce a’a ko da sau ɗaya ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya Nadine, sigari ya kunna. Bai kai rabi ba ya ce a sake ɗauka.”

Rabin sigari! Ina alfahari da kai, mijina. Akwai mazan da za su shanye karan gaba ɗaya kafin su yanke shawara.

Waƙa goma, ka sa wa faifan suna Tudun Bayan Coci, kuma ba ka wahalar da kanka ba. Na rubuta maka cewa har yanzu ina tsallake katakon nan mai ƙara na bakin ƙofar ɗaki don kada in tashe ta, ga shi nan a waƙa ta biyu, ko wasali ba ka canja ba. Na rubuta cewa na wanke ’yar rigarta sau uku ƙanshinta ya ƙi fita, daga baya da ya fita na yi da-na-sanin wankewa, ga shi nan a ta biyar, sai dai rigar ta girma ta zama tawa. Na rubuta cewa ranar da ƙanƙara ta sauka na farka da tunanin ba ta da bargo a can, har na ɗauki ɗaya na kai bakin ƙofa kafin hankalina ya dawo. Wannan ita ce wadda aka fi so, ko? Ita ake sa wa sau biyar a yini. Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ka rera su da kyau. Da ka ɓata su da na samu abin riƙewa, amma ka rera su kamar kai ne ka tsaya a bakin ƙofar nan da bargo a hannu.

Duniya kuwa ta karɓa hannu bibbiyu. Jaridar da ta yi maka dariya ta ce a karon farko Hollis Caudill ya buɗe baki gaskiya ta fito. Wata ta ce ba a ji faifan karkara mai tsoron Allah irin wannan ba cikin shekara goma. Masu manyan motoci suna tsayawa a gefen hanya su share hawaye, fastoci suna ambatonka a huɗuba. Da a nan ka tsaya, da waƙa ce kawai, mawaƙi yana da damar ya kashe wanda ya ga dama a cikin waƙa. Amma ka san al’adarmu, ba a fara kiɗa sai mawaƙi ya faɗi inda waƙar ta fito, kuma abin da ya faɗa kafin ya taɓa tsirkiya rantsuwa ce. Mutanenmu suna yafe wa mawaƙi shan giya, suna yafe masa mata, suna yafe masa muryar da ta dushe, amma ba sa yafe wa wanda ya sa su kuka a kan ƙarya. Ka san da haka sarai ranar da mai gabatarwa a rediyo ya tambaye ka ko labarin gaskiya ne. Ina kwaɓa fulawa a lokacin, Mama tana kujerarta. Ka yi shiru mai tsawo, shirun nan naka mai kyau, sannan ka ce da hannunka ka sa ni a rami. Mama ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “To ’yar nan, in kin gama mutuwar ki duba burodin, yana ƙauri.”

Tun daga ranar sunana ya canja a kwarin nan. In na shiga kanti sai Virgil ya ɗaga hula ya ce, “A’a, marigayiya ce da kanta? Gishiri ya ƙare a lahira ne?” Matan coci suna tambayata ko in ba su aron rigar da aka binne ni da ita. Ina dariya tare da su, in dawo gida in shiga bayan rumbun masara in yi abin da ya sawwaƙa. Amma ko mutum ɗaya bai gaya wa baƙo ba. Ka san mu, ba ma ba wa na waje labarin gida, ko mai karɓar haraji ne, ko ɗan jarida. A kan wannan halin namu ka dogara, kuma ba mu ba ka kunya ba. Shekara guda talakawan da ka gudu ka bari suna rufa maka asiri, kai ko katin Kirsimeti ba ka aiko musu ba.

Jiya Lahadi aka yi ranar gyaran kaburbura. Kowa ya hau tudu da fartanya da furanni, aka share, aka tara ƙasa, aka shimfiɗa abinci a kan dogayen tebura ƙarƙashin itatuwa, soyayyar kaza da ƙwai da kek kamar kowace shekara. Bana sai ga baƙin motoci har bakin rafi. Wani dattijo daga Ohio, da kwat ɗinsa ta zuwa coci da furanni fal hannu, ya yi ta zagaya duwatsu yana karantawa, har ya tsaya a gabana ina durƙushe ina cire ciyawa. Ya ce, “Baiwar Allah, don Allah ina kabarin Nadine, matar mawaƙin nan?” Har masu tauna suka daina. Na ce masa ba a sa mata dutse ba tukuna. Sai idonsa ya cika, ya ce tasa matar ta rasu a kaka, ya ce ya taɓa zama da bindiga a cinya, faifanka ne ya sa ya mayar da ita cikin akwati, domin ya ji akwai wani namiji a duniya da ya san abin da yake ji. Ya riƙe hannuna yana kuka, hannun matar da ya zo yi wa ta’aziyya. Bakina ya buɗe zan faɗa, Mama ta ja mini gefen riga ta ce a hankali, “Bar shi da kukansa, nasa na gaske ne.” Na karɓi furannin na ce zan ajiye su inda ya dace. Bayan ya tafi na ɗora su a kan ɗan tudun ’yarmu. Su ne furanni na farko da ta samu ta dalilin ubanta.

Duk da haka, ya abin ƙaunata, kada ka ɗauka na daina sonka. Ina ma na iya! Da na huta. Ina da faifan, Coy ya kawo mini, kuma in Mama ta yi barcin rana nakan sa shi ƙasa-ƙasa in tsaya a tsakar ɗaki in rufe ido. Muryarka tana shiga jikina kamar ranar farko. Ina jin inda kake jan numfashi kafin baiti, na san yadda wuyanka yake motsi a wurin, na san ƙanshin gashinka in ka yi gumi. Wace irin azaba ce wannan, mace ta ji mijinta yana kiran sunanta da irin taushin da bai taɓa kiranta da shi ba tana gabansa? Sai da na mutu ka so ni yadda nake mafarki! Ina kishin gawar nan, Hollis. Ta ƙwace mini miji, ta ƙwace mini hawayena, ta ƙwace wa ’yata makokinta. Lorna Fay kuwa ban da komai a kanta, yarinya ce mai zaƙin murya da ta ƙaunaci gwauron da babu shi. Ina tausayinta ranar da za ta gane wanda take wanke wa riguna.

Saboda haka takardar lauyanka tana nan, na sa ta ƙarƙashin ƙafar teburin nan mai rawa, ta yi daidai. Ba zan sa hannu ba, yau ko gobe ko ranar da gashina ya yi fari fat. A gaban Allah da fasto na ce sai mutuwa ta raba, kuma irin wadda ka yi mini ba ta cikin lissafi.

Yanzu ga albishir, farin cikina. Mun ji a rediyo cewa ranar Asabar mai zuwa za ka hau babban dandalin Nashville karon farko, wanda ake watsawa ƙasa gaba ɗaya, wanda tun kana ɗan saurayi kake manna kunne a akwatin rediyo kana rantsuwa sai ka taka shi. Ka aiko wa Mama takardar gayyata don ta zauna a bencin iyali da ake ajiyewa a kan dandalin, bayan makaɗa, inda kowa zai ga tsohuwar da ta raini gwauron. Dabara mai kyau. Ka manta dai cewa Mama ba ta taka ƙafa uku ba tare da kafaɗar wani ba. Da na karanta mata ta ce, “Ni ba ni da ƙafa sai ke. In yana son ganin uwarsa, sai ya ga sandarta.” Coy zai kai mu a motarsa, na riga na goge rigata mai ruwan toka.

Zan zauna a bayanka, taku biyar, hannuna a kan cinya kamar mutuniyar kirki. Za ka gyara hula, ka matso kusa da abin magana don ka faɗi inda waƙar ta fito. A nan nake roƙonka, da duk son da nake maka, ka faɗa da bakinka. Ka ce matata tana raye, ga ta nan. Ka ce kalmomin nata ne. Ka ce wadda take kan tudu ’yata ce, ban ga fuskarta ba, ban je jana’izarta ba. Wataƙila su jefe ka, wataƙila kamfani ya kore ka, wataƙila kuma su yafe, don mutanenmu suna son mai tuba kusan yadda suke son gwauro. In kuwa ka sake binne ni a gaban idona, zan tashi in tako taku biyar ɗin nan, kuma ka san a ƙungiyar waƙar coci ba a taɓa cewa in ɗaga murya ba. In ka ce maƙogwaro ya kama ka ka fasa, zan zo Asabar ta gaba, da wadda take bin ta, a Nashville ko Texas ko duk inda aka kafa maka dandali. Ba ka taɓa samun mai sauraro mai aminci irina ba.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne duka. In ka zaɓi tuba, ba za ka ce “jaririyar nan” ba kamar yadda ka rubuta a wasiƙarka. Za ka kira ta da sunanta, in ba haka ba ni zan tambaye ka shi da ƙarfi, ƙasa gaba ɗaya tana saurare. Na gaya maka shi sau ɗaya a wayar Virgil, kana cewa in ɗaga murya ana hayaniya. Kada ka wahalar da kanka da binciken wasiƙuna, ban iya rubuta shi a lokacin ba, hannuna ba ya yarda. Kada ka kira kanti, Virgil ya ce kunnensa ya yi nauyi bana. Coy ya rantse wa Mama, Mama kuwa ta ce ba ta haifi wanda za a yi wa satar amsa ba.

Wuri ɗaya ne a duniya aka rubuta shi, a kan ɗan farin dutse, layi na uku daga itacen al’ul, inda sabbin furanni suke. Tafiyar awa shida ce daga Nashville, kana da kwana huɗu. Ka zo da rana, masoyina, mutanen kwari suna zaune a barandarsu. Ka hau tudun nan da ka yi wa waƙa goma, ka durƙusa, don rubutun ƙanana ne.

Taka a raye, taka a mace, taka har ranar da za a haƙa na gaske,

Nadine Caudill